Tsohon bugun karyayyar gadar Rum: yadda ake gane shekarunsa da yadda ake adana shi

"Malam, bayan rasuwar ƙanen mahaifina wanda ya yi karatu a Italiya, mun tarar da wani hoto cikin firam a kayansa. Zane ne baƙi da fari na wata gada da ta karye a tsakiyar kogi. A ƙasa an rubuta Ponte Senatorio oggi detto Ponte Rotto, a gefe kuma ga sunan Piranesi. Takardar ta yi ja-ja, da ɗige-ɗige a jikinta. Wani ya ce ta haura shekara 200, har ya taya. Wani kuma ya ce hoton kanti ne kawai. Wace gada ce wannan, ta yaya za mu gane ko tsohon bugu ne, kuma yaya za mu adana shi a nan Kaduna?"

Allah Ya jiƙan baffanka, Ya kyautata makwancinsa. Tambayarka uku ce a dunƙule: wace gada ce, bugun yaushe ne, kuma yaya za a riƙe shi kada ya lalace. Kafin in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, bari in faɗi abin da ya sa mutanen nan biyu suka ba ku magana mai cin karo da juna. Lokaci uku ne a cikin takarda irin wannan. Akwai lokacin da gadar take cikin halin da aka zana ta. Akwai shekarar da aka yi allon jan ƙarfen da ake bugawa da shi. Sannan akwai ranar da aka ɗora ita wannan takarda taku a kan allon aka matsa. Tsakanin na biyu da na uku ana iya samun shekara 150 ko fiye, kuma na ukun ne ke yanke darajar abin da ke hannunku.

Gadar da ke cikin zanen

Rubutun da ke ƙasa Italiyanci ne, yana cewa gadar Senatorio wadda yau ake kira karyayyar gada. A kan kogin Tiber take, a tsakiyar birnin Rum, ƙasa kaɗan da tsibirin da ke cikin kogin. Sunanta na dauri Pons Aemilius. An kafa ginshiƙanta a shekara ta 179 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a shekara ta 142 kuma aka ɗora mata bakunkunan dutse, wato ƙofofin nan masu lanƙwasa da ruwa ke bi ta ƙarƙashinsu. A wasu tsofaffin bugu za ka gan ta da sunan Ponte Santa Maria ko Ponte Palatino, duk ita ce.

Wurin da aka kafa ta mugun wuri ne ga gada. Kogin yana rabuwa biyu a tsibirin, ya sake haɗuwa dab da ita, ga kuma kwana a wajen, don haka ruwan ambaliya da ƙarfinsa yake dukan ginshiƙan yana ƙwaƙule gindinsu. Ta sha faɗuwa ana tayarwa. Ambaliyar 1557 ta rushe gyaran da aka yi mata 'yan shekaru kafin nan, Fafaroma Gregory na 13 ya sa aka sake gina ta kafin babban bikin cocin Katolika na 1575, sai kuma a jajibirin Kirsimeti na 1598 ambaliya mafi girma da aka taɓa rubutawa a tarihin birnin ta tafi da rabinta na gabas. Daga nan ba a sake haɗa ta da dutse ba. Ke nan yawancin abin da ido ke gani a zanen ginin ƙarni na 16 ne a kan tushen Rumawan dā, har yau ana ganin tambarin dodon gidan su Gregory a jikin dutsen.

Wannan tarihi shi ne ma'auninka na farko. Ƙirga bakunkunan. Idan gadar cikakkiya ce daga gaɓa zuwa gaɓa, zanen na kafin 1598 ne ko kwaikwayonsa. Idan baka uku ne a manne da gaɓar yamma, wato ta unguwar Trastevere, sannan gadar ta yanke a cikin ruwa, halin da ta zauna ke nan daga 1598 zuwa 1853, kuma haka Piranesi, mai zanen da sunansa ke gefen hotonku, ya gan ta. A 1853 aka rataya mata siririyar gadar ƙarfe ta cike giɓin. A 1887 aka rushe baka biyu saboda aikin katangar kogi da sabuwar gadar da aka gina kusa da ita, aka bar ɗaya tilo a tsakiyar ruwa. Duk takardar da ta nuna gadar ƙarfe ko baka ɗaya, alhali tana ɗauke da sunan Piranesi, wanda ya rasu tun 1778, ta fallasa kanta. Haka ake auna sauran gadojin ma: hasumiyar da ke kan Ponte Salario an rushe ta a 1829, sojojin Fafaroma suka fasa bakanta na tsakiya a 1867, Ponte Cestio kuma baka babba ɗaya ne da ƙanana biyu kafin a sake ta tsakanin 1888 da 1892.

Sai dai wannan ma'auni lokacin zane kawai yake faɗi. Masu bugu sun yi ta kwaikwayon junansu, mutum yana Landan ko Augsburg bai taɓa taka Rum ba, ya ɗauki zanen da ya shekara 80 ya sake shi. Irin wannan kwaikwayo yana da alama. Abin da aka zana a allo juyawa yake yi idan ya hau takarda, dama ta koma hagu, don haka wanda ya kwafi hoto kai tsaye a allonsa, nasa bugun a juye zai fito. Idan ana hango tsibirin a bayan gadar, mai kallo yana fuskantar inda ruwa ke fitowa ke nan, kuma bakunkunan da suka rage a hannun hagu ya kamata su kasance. In ka gan su a dama, hoton a juye yake.

Yadda ake yin bugun

Ba za ka iya tantance takardar ba sai ka san yadda tawada ta hau ta. Giovanni Battista Piranesi, wanda aka haifa a 1720 a yankin Venice, da asid yake yawancin aikinsa. Ana goge allon jan ƙarfe ya yi sumul, a shafa masa haɗin kakin zuma da ƙaro da kwalta, a turara shi da hayaƙin kyandir ya yi baƙi. Mai zane ya ɗauki allura ya ja layukansa a cikin kakin, yana buɗe ƙarfen kawai. Sai a zuba asid, ya ci wuraren da aka buɗe ya bar ramuka. Inda ake son layi siriri, kamar sararin sama, a rufe shi da wuri. Inda ake son baƙi mai nauyi, kamar inuwar ƙarƙashin baka, a sake mai da shi cikin asid sau da dama ramin ya yi zurfi. Akwai wata hanyar kuma da ake yanka layin da hannu da ƙaramin ƙarfe mai kaifin baki. Layin yanka yakan fara da tsini, ya yi kauri a tsakiya, ya ƙare da tsini. Layin asid kaurinsa kusan ɗaya ne, bakinsa a dakushe, yana 'yar rawa irin ta alƙalami.

Wajen bugawa, ana cusa tawada mai kauri cikin ramukan, a goge fuskar allon tas, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a rufe da bargon ulu, a tura tsakanin gungume biyu masu juyawa. Matsin yana tura takardar cikin ramuka ta ɗebo tawada. Abu biyu ke fitowa daga nan waɗanda za ka nema: tawadar tana zama a tsaye a kan takarda, ta yi tudu, sannan gefen allon yana barin shati mai kusurwa huɗu a kewayen hoton.

Jan ƙarfe kuma mai laushi ne. Kowace gogewa da kowane matsi suna cin sa kaɗan kaɗan. Layukan sama masu siriri su ke fara ɓacewa. Bayan su sai inuwa: inda aka jera layuka kusa da kusa, 'yan katangun da ke tsakaninsu suna cinyewa, ramin ya kasa riƙe tawada, baƙin ya koma toka-toka mai tabo. Shi ya sa bugun farko ke da zurfi da haske, na ƙarshe ya zama kamar an wanke shi.

Allo ɗaya, masu bugu daban-daban

Taken da ka karanto ya yi daidai da wani ƙaramin allo da ke cikin jerin da Piranesi ya fitar a 1748, Antichità Romane de' tempi della Repubblica, wanda daga baya aka canza wa suna ya koma Alcune vedute di archi trionfali. Allunan wannan jeri ƙanana ne masu faɗi, kimanin santimita 13 a tsaye da 26 a kwance. Kada a haɗa su da manyan hotunansa na Vedute di Roma, guda 135, waɗanda faɗinsu ke kaiwa santimita 55 zuwa 70, cikinsu har da Ponte Salario da Ponte Molle da Ponte Lucano. Akwai kuma Le Antichità Romane na 1756 mai juzu'i 4, wanda na huɗunsa ya ƙunshi gadoji. A nan ne ya zana tushen wasu gine-gine a ƙarƙashin ƙasa da duwatsu jibga-jibga waɗanda bai tona ya gani ba, tunaninsa ne. Ko a hoton da ya zana a gaban gini, yakan ƙanƙanta mutane ya saukar da idon mai kallo ƙasa don dutsen ya yi kwarjini. A ganina wannan ne ƙarfin aikinsa, amma mai nazarin gini kada ya ɗauki awo daga gare shi. Giuseppe Vasi, wanda Piranesi ya koyi aiki a wurinsa, ya fi shi tsayawa kan abin da ido ya gani. Littafi na 5 na jerin hotunan Vasi mai suna Magnificenze, na 1754, kan gadoji da gine-ginen bakin Tiber yake.

Allunan ba su mutu da mai su ba, kuma a nan yawancin mutane ke ruɗewa. Bayan 1778 'ya'yansa sun ci gaba da bugawa a Rum. A 1799 ɗansa Francesco ya bar birnin ya koma Faris da allunan, aka yi sabon bugu a can daga 1800 zuwa 1807. Francesco ya rasu a 1810, allunan suka koma hannun maɗaba'ar Firmin-Didot, wadda ta buga su tsakanin 1835 da 1839. A 1839 gwamnatin Fafaroma ta saye su ta mai da su Rum, gidan bugun da ake kira Calcografia, kusa da maɓuɓɓugar Trevi, inda suke har yau. Can aka ci gaba da bugawa ga masu yawon buɗe ido har cikin ƙarni na 20. Daga ƙarshen shekarun 1850 an samu dabarar lulluɓe jan ƙarfe da siririn baƙin ƙarfe ta hanyar lantarki don ya jure dubban bugu, wannan ya ƙara tsawon ran tsofaffin alluna.

To ka ga matakai huɗu ke nan. Bugun Rum na zamanin Piranesi shi ne sama. Sai na Faris. Sai na Calcografia, wanda daga allon asali yake amma takardar ta baya ce. Sai kuma hoton da aka ɗauka da kyamara aka buga a inji, wanda bai taɓa haɗuwa da allon ba. Ɗalibin da ya zauna a Italiya a ƙarnin da ya wuce, abin da ya fi sauƙin samu a kanti shi ne na uku ko na huɗu, ko da yake a shagunan tsofaffin littattafai ana tsintar na farko. Don haka kada ka sa rai da yawa, kada kuma ka yanke ƙauna kafin ka duba.

Dubawa da ido da hannu

Ta cikin gilashi ba a gane komai, sai an fitar da takardar. Wanke hannu ka busar, ka kifa firam ɗin a kan tebur mai tsabta, ka zare ƙusoshin baya a hankali. In ka ga takardar ta manne da gilashi ko an liƙa ta gaba ɗaya a kwali, tsaya nan, kada ka ɓamɓare. Kayan aikin da nake amfani da su kaɗan ne: madubin ƙara girma mai ninki 10, tocilan, rula mai milimita, da ƙaramar fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi.

Fara da madubi, a kan sararin sama da kan inuwa. Idan layin ya tarwatse ya zama ɗige-ɗige a jere kamar hoton jarida, ko 'yan ɗigo masu launi a warwatse irin na firinta, magana ta ƙare, hoton inji ne. Idan layin a haɗe yake, kashe fitilar ɗaki ka kwantar da tocilan a gefen takardar haske ya bi fuskarta. A bugun allo, layuka masu kauri za su yi 'yar inuwa saboda tudunsu, sirara kuma su kwanta. Wannan bambancin tsayi tsakanin layi da layi shi ne mafi wuyar kwaikwayo. Akwai kwafin da aka riƙa yi tun shekarun 1870 ta hanyar ɗaukar hoto a mai da shi kan sabon allo. Shi ma yana da shati da ɗan tudu, amma a madubi bakin layukansa ba su da kaifi, kamar an barbaɗa musu gari, kuma zurfinsu kusan ɗaya.

Shatin gefe shi kaɗai ba hujja ba ne, domin ana danna farantin banza a kan hoton inji a ba shi shati. A na gaske, cikin shatin ya fi wajensa santsi saboda matsi, kuma sau da yawa akwai siririn dattin tawada da ya maƙale a gefen allon. Auna shatin, tsaye sannan kwance, ka kwatanta da awon da gidajen tarihi suka sa a intanet; British Museum da Metropolitan na New York da Rijksmuseum suna da hotunan ayyukan Piranesi da awonsu. Bambancin milimita 2 ko 3 ba komai, jiƙaƙƙiyar takarda tana tsukewa idan ta bushe. Bambancin santimita guda ko fiye yana nufin wani allo ne daban.

Sai takarda. Ɗaga ta ka sa haske a bayanta. Takardar ƙarni na 18 daga tsumma ake yin ta, a ɗebo kunun tsumman da rariyar waya, don haka wayoyin suna barin layuka: sirara kusa da kusa, da wasu masu tazarar santimita biyu da rabi zuwa uku da suka gitta su. Duk wanda ya taɓa ɗaga warƙar tsohon Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasarmu ya ga irin layukan nan, wani lokaci har da tambarin jinjirin wata uku, domin takardar da malamanmu suka yi rubutu a kai da yawanta daga arewacin Italiya fatake suka kawo ta ta Tarabulus da Masar. A bugun Piranesi na Rum, tambarin da aka fi gani shi ne fure mai kunne uku a cikin da'ira ɗaya ko biyu. Amma ƙaramin hoto irin naku daga yankin babbar warƙa ake buga shi, yana iya faɗawa inda babu tambari, don haka rashinsa bai kore komai ba. Idan kuwa babu layuka sam, takardar sumul take kamar ta littafin makaranta, to wannan iri a Ingila aka fara shi a shekarun 1750, bai bazu a Turai ba sai wajen ƙarshen ƙarnin. Allon 1748 a kan irin wannan takarda bugun baya ne. Fitilar jabun kuɗi kuma tana kama na zamani: takardar da ta yi walƙiya fari-shuɗi tana da sinadarin ƙara haske wanda aka fara sawa a shekarun 1950. Wadda ba ta yi walƙiya ba, ba lallai tsohuwa ba ce.

Jan da takardar ta yi, wanda shi ya fi ruɗar mutane, ba ya nuna tsufa. Takardar tsumma mai shekara 270 da ta zauna cikin littafi takan fito fara ƙal da ƙwari, ta itace mai shekara 50 kuma ta yi ja ta riƙa karyewa. Har da shayi ake jiƙa sabuwa don ta yi kama da tsohuwa.

Daga ƙarshe duba rubutu da lambobi. A zamanin Faris an ƙara lambobi a kusurwar allunan, amma wasu jerin suna da lambarsu tun asali, don haka sai an kwatanta da kundin masana irin na Focillon na 1918 ko na Wilton-Ely na 1994 kafin a yanke hukunci. A manyan Vedute, adireshin Palazzo Tomati, gidan da Piranesi ya koma da aikinsa, yana nuna bugun daga 1761 zuwa gaba ne, farashin da aka rubuta a ƙasa kuma an goge shi daga baya. Bugun Calcografia sau da yawa yana da hatimi maras tawada a gefen takarda, sai da hasken gefe ake ganinsa. Idan akwai launi, wani ne ya shafa daga baya, Piranesi da baƙi ya fitar da nasa.

Adanawa a yanayinmu

Abin da na fi gani yana kashe tsofaffin takardu a wajenmu shi ne gyaran mai kyakkyawar niyya. Kada a kai shi a yi masa laminatin. Zafi da gam ɗin suna shiga jikin takardar, kuma ba a iya cirewa ba tare da ɓarna ba. Kada a liƙa salatif, domin gam ɗinsa yana nutsewa ya bar tabo mai ruwan ƙasa. Kada a yanke gefen da ya yi datti, faɗin gefen yana cikin darajar bugun. Ban da guga, ban da magogin fensir a kan zane, ban da ruwan wanki mai sa fari. Ɗige-ɗigen da ka gani daga danshi suke, haɗe da fumfuna ko ɓurɓushin ƙarfe a cikin takardar. Mai gyaran takardu na gidan tarihi yana iya rage su, amma a gida abin yi shi ne hana su ƙaruwa.

Kwalin da ke bayan tsohon firam galibi shi ne mai laifi. Kwali da katakon filawud suna fitar da asid, su ƙona takarda daga baya, za ka ga jan ya fi tsanani inda suka taɓa ta. Cire su. A sa kwalin auduga maras asid gaba da baya, wanda na gaban zai raba takardar da gilashi da milimita 2 ko 3, don kada raɓar cikin gilashi ta manne tawadar. A rataye takardar daga sama kaɗai da 'yan siraran takardar Japan guda biyu da kunun sitacin alkama. Dalili shi ne takarda tana buɗewa da damina ta tsuke da hunturu. In aka ɗaure ta ta gefe huɗu sai ta yi kumburi ko ta tsage. A rufe bayan firam ɗin ruf saboda ƙura da kyankyasai.

Danshin da takarda ke so tsakanin kashi 40 ne zuwa 55 cikin 100. Daga 65 zuwa sama fumfuna ke tashi, kuma a Kaduna watan Agusta yana wuce haka. Saboda haka a rataye shi a bangon cikin gida, nesa da bangon da ruwa ke duka, da banɗaki, da kicin, a sa 'yan toshe a baya iska ta riƙa wucewa tsakaninsa da bango, hakan kuma yana sa a ga hanyar gara da wuri. Rana kada ta taɓa shi, ko ta taga. Tawadar baƙa tana jure haske, takardar ce ba ta jurewa. In kuwa ajiyewa za a yi, a kwance, tsakanin fararen takardu marasa asid, cikin akwati a saman kabad, da 'yan ƙunshin sinadarin tsotse danshi irin wanda ke zuwa a kwalin takalmi, ana canza su. Kada a ɗaure shi a leda da damina, danshin da aka rufe da shi ba shi da mafita. In fumfuna ta riga ta kama, a shanya a inuwa ta bushe, sannan a kakkaɓe da burushi mai laushi a waje.

Maganar tayi

Daga bayanin da ka rubuto ba zan iya ce maka bugun yaushe ne ba, kuma duk wanda ya yanka masa farashi bai fitar da shi daga firam ba, kada ka yi aiki da maganarsa. Abin da zan iya faɗi shi ne ƙananan allunan jerin 1748 ba su kai manyan Vedute tsada ba ko da bugun farko ne, tabo da yankakken gefe suna rage kuɗi sosai, hoton inji kuma darajarsa ta ado ce da tunawa da mai shi. Tunda kayan gado ne, a sanar da sauran magada kafin a yi ciniki.

Idan gwajin madubi da na hasken gefe sun nuna bugun allo ne, a tura hotuna ga gidan gwanjon da ke da sashen tsofaffin bugu, yawancinsu suna duba hoto ta intanet su faɗi ra'ayinsu na farko. Hotunan da za su nema su ne gaban takardar gaba ɗaya har gefenta, bayanta, ɗaya da haske a baya don layuka da tambari, ɗaya da tocilan a kwance, da na kusa a kan rubutun ƙasa da kusurwoyi huɗu. A haɗa da awon shati da awon takardar a milimita, da duk wata rasit ko takardar shago da aka samu a bayan firam ɗin.